Gani da Hasashe a Bugun Ƙwallon Besbol

Gabatarwa

Besbol wasa ne da ya yi fice a Amurka da Japan da Kuba. A cikinsa, ɗan wasa ɗaya ke jefa ƙwallo, wani kuma ya yi ƙoƙarin make ta da sanda. Wannan muƙala ta dubi rawar da gani ke takawa wajen bugun, da irin amfanin da horar da ido ke yi.

Ƙarancin Lokaci

Tazarar da ke tsakanin wurin jifa da wurin bugu ita ce mita 18.44. Ƙwallon da ke gudun kilomita 145 a awa ɗaya takan ci wannan tazara cikin kimanin kashi 4 cikin 10 na daƙiƙa. Kaɗa sanda kawai kan cinye fiye da kwatan wannan lokaci. Ke nan dole mai bugu ya yanke shawara tun ƙwallon tana kan hanya. Bahill da LaRitz (1984) sun nuna cewa ko idon ƙwararre ba ya iya bin ƙwallon har zuwa haɗuwarta da sanda, domin idan ta matso kusa takan fi ido sauri.

Kaifin Ido da Hasashe

Laby da abokan aikinsa (1996) sun auna idanun 'yan wasan ƙungiyar Los Angeles Dodgers, suka tarar cewa matsakaicin kaifin ganinsu ya kusa 20/13. Wato abin da lafiyayyen ido ke gani daga ƙafa 13, su suna hango shi daga ƙafa 20. Wannan kaifi na taimaka masu su gane juyin ƙwallo tun tana barin hannu.

Sai dai kaifin ido kaɗai bai wadatar ba. A 2004, Jennie Finch, gwanar wasan softbol, ta yi wa Albert Pujols jifa ya kasa bugawa, alhali ƙwallonta ta fi ta besbol girma, gudunta kuma bai kai nata ba. Finch tana jifa ne daga kusa, kuma ta ƙasan kafaɗa, salon da Pujols bai saba karantawa ba. Wannan ya nuna cewa gwani yana dogara ne da alamomin kafaɗa da hannun mai jifa don hasashen inda ƙwallon za ta biyo.

Horar da Ido

A Jami'ar Sinsinati, Clark da abokan aikinsa (2012) sun ruwaito cewa bugun nasara na ƙungiyar jami'ar ya tashi daga 251 cikin 1,000 a 2010 zuwa 285 a 2011, bayan atisayen ido. A Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside kuma, Deveau da Ozer da Seitz (2014) sun horar da 'yan wasa 19 ta kwamfuta. Ganinsu ya ƙaru, yawan fitar da su saboda kuskuren bugu kuma ya ragu. Amma duka nazarce-nazarcen biyu sun shafi ƙananan rukunoni ne, kuma ƙwarewar da ɗan wasa ke samu daga kaka zuwa kaka na iya shiga cikin sakamakon.

Kammalawa

Abin da ya fito fili shi ne, ido yana tattara alamu ne, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙarasa aikin da hasashe. Don haka ya kamata a fara da gwajin ido da gyara duk wata tawaya, sannan a ɗora atisayen da ya yi kama da wasan kansa, kamar tantance nau'in jifa daga bidiyon da aka tsayar daidai lokacin da ƙwallo ke barin hannu.