Yoyon Fitsari: Abin da Bincike Ya Koya Mana Game da 'Yan Matanmu

A cikin birnin Kano, kusa da Ƙofar Mata inda marina suke da karofinsu, akwai babban asibitin nan da ake kira Asibitin Murtala. A cikinsa akwai wani sashe mai suna Cibiyar Laure. Matan da suke kwanciya a wannan sashe ciwonsu ɗaya ne: fitsari yana zubo musu dare da rana, ba sa iya riƙe shi. Yawancinsu daga ƙauyuka suke zuwa, irin ƙauyukanmu, kuma da yawa cikinsu ba su cika shekara 20 ba sa'ad da abin ya same su.

'Yan'uwa, wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san matan da suka daina zuwa kasuwa da taron biki saboda warin fitsari. Likitoci sun yi shekaru da dama suna bincike a kan wannan matsala a arewacin Nijeriya. Muna so mu bayyana abin da suka gano, domin ya taimake mu mu kiyaye 'ya'yanmu.

Yadda ciwon yake samuwa

Yarinya takan fara ganin jinin al'ada tun ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba. Ƙashin yana ci gaba da girma har waɗansu shekaru bayan haka. Idan kuma ta tashi cikin ƙarancin abinci da yawan zazzaɓin cizon sauro, girman nata yakan tsaya baya. Ke nan yarinya tana iya ɗaukar ciki alhali jikinta bai isa haihuwa ba.

Sa'ad da naƙuda ta zo, kan jariri yakan sauko ya tokare, ya kasa wucewa. Sai ya danne mafitsara a jikin ƙashi. Idan aka kwana ɗaya, aka kwana biyu a haka, jini ba ya kaiwa wurin da aka danne, sai naman wurin ya mutu. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman yakan faɗi ya bar rami tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Ta wannan rami fitsari yake bi. Wani lokaci ramin yakan kai har hanyar bayan gida. Sau da yawa jaririn ba ya fitowa da rai, uwar kuma tana iya tashi da ɗingishi domin jijiyar ƙafa ta dannu.

Saboda haka yoyon fitsari ba sammu ba ne, ba maita ba ce, ba kuma alamar cewa yarinyar ta yi lalata ba. Rauni ne na doguwar naƙuda. Ko macen da ta haihu sau biyar tana iya samunsa idan naƙuda ta tokare ba a kai ta asibiti ba.

Abin da likitoci suka gano

A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Dokta Tahzib ya duba takardun mata 1,443 waɗanda suka zo da wannan ciwo daga 1969 zuwa 1980. Ya buga sakamakon a 1983. Kashi 83 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu. Kashi 13 cikin 100 kuwa yankan gishiri ne, wato yankan da ungozoma ko wanzami yake yi wa mace a gabanta da aska, da nufin buɗe hanya. Askar takan zarce ta huda mafitsara.

A Zariyan kuma, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979. Ya ga cewa waɗanda suka fi mutuwa su ne ƙananan 'yan mata da matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. Ya kuma ga wani abu mai ƙarfafa zuciya. 'Yan matan da aka ba su maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da maganin ƙarin jini lokacin da suke da ciki, da yawa cikinsu sun ci gaba da ƙara tsawo kafin su haihu. Wato awo da magani suna taimakon jikin yarinya ya ƙarasa girmansa.

A 2004 an buga wani bincike a kan mata 899 da aka yi wa magani a asibitin Evangel na Jos, wanda muka sani da suna Jankwano. Ga kamannin da aka fi gani: mace gajeriya wadda ba ta kai santimita 150 ba, an yi mata aure tana wajen shekara 15, ba ta yi makaranta ba, ta yi naƙudar kwana biyu ko fiye, jaririn ya zo ba rai, mijin kuma ya rabu da ita.

Binciken lafiyar iyali na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna inda hanyar kariya take. A cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Nijeriya, kashi 19 cikin 100 sun riga sun haihu ko suna da cikin fari. A arewa maso yamma, inda Kano take, kashi 29 ne. A cikin waɗanda ba su taɓa shiga makaranta ba, kashi 44 ne. Duk shekarar da yarinya ta ƙara a aji, ƙashinta yana ƙara ƙwari, hankalinta yana ƙara buɗewa.

Jinkiri iri uku

Masana sun ce jinkiri iri uku ne yake kashe mata ko ya naƙasa su wajen haihuwa. Na fari yana cikin gida. Mai cikin fari takan ɓoye naƙuda saboda kunya, tsofaffi su ce ta yi haƙuri, ko a zauna jiran maigida ya dawo ya ba da izini. Na biyu yana kan hanya: ba mota, ba kuɗin mota, ko rafi ya cika da damina. Na uku yana asibiti, idan ba likita ko ba jinin da za a ƙara. Biyu na farko a hannunmu suke.

Akwai magani

Dokta Kees Waaldijk, likita daga ƙasar Holan, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina, ya fara ɗinke wannan rauni a 1984. Daga baya ya riƙa yin aikin a Kano ma, yana koya wa likitoci da ma'aikatan jinya. Ya nuna cewa idan mace ta zo da wuri, tun raunin yana sabo, aka sa mata robar fitsari na waɗansu makonni, wajen 15 cikin 100 sukan warke ba tare da aikin tiyata ba. A farkon 2005, cikin mako biyu kawai, an yi wa mata fiye da 500 aiki a Kano, Katsina, Sakkwato da Kebbi, kuma yawancinsu ramin ya rufu.

Ban da Kano, Babbar Ruga da Jankwano, akwai cibiyar Ningi a jihar Bauchi. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012. Macen da aka yi wa gyara tana iya sake haihuwa, amma lalle ne ta haihu a asibiti, inda za a iya ciro jaririn ta hanyar tiyata.

Abin da za mu iya yi

1. Mu bar 'yan mata su ƙarasa makaranta kafin a yi maganar aure, mu kuma ba su abinci daidai da 'yan'uwansu maza.
2. Iyaye mata da gwaggonni su yi wa yarinya bayanin jinin al'ada da yadda ake samun ciki tun kafin ta fara gani. Iyaye maza su yi wa samari irin wannan magana, gama ciki ba na mutum ɗaya ba ne.
3. Yarinyar da ta yi ciki ba aure kada a kore ta. Wadda take jin tsoro ita ce take ɓoye ciki, ta ƙi awo, ta haihu ita kaɗai.
4. Maigida ya ba da izinin zuwa asibiti tun ciki yana ƙarami, a kuma san mai motar da za a kira ko da tsakar dare. Zumuntar mata tana iya ajiye ɗan asusu domin wannan.
5. Naƙudar da ta kama daga fitowar rana har faɗuwarta ba haihuwa, a tafi asibiti. Kada a yi yankan gishiri.
6. Mace ta ga fitsari yana zuba bayan haihuwa, a kai ta nan da nan. Wadda ta daɗe da ciwon kuma a neme ta, a zauna da ita, a raka ta neman magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

Daga ƙauyenmu zuwa asibitin da ake tiyatar haihuwa, tafiyar awa nawa ce? Wane ne zai kai mace idan mijinta ba ya gida? 'Yan mata nawa ne suka bar makaranta bara, kuma mene ne dalili? Muna roƙo a karanta wannan takarda a taron mata, da na matasa, da na dattawa, kowace ƙungiya ta zaɓi abu ɗaya da za ta fara yi kafin damina.