Wa Zai Biya Kuɗin Kai Intanet Ƙauye?

Jama'a, a garuruwa da yawa in mutum zai buga waya sai ya hau tudu, ko ya hau bishiya. Wani sai ya jira ranar kasuwa. Mutumin birni kuwa yana kwance a ɗakinsa ya aika da kuɗi, ya ga fuskar ɗansa da ke Makka, su yi hira. Abin da ya raba su shi ne intanet mai sauri.

Intanet hanya ce wadda saƙo ke bi daga wannan waya zuwa waccan. Hanya kuwa iri iri ce. Akwai turba wadda sai jaki, akwai titi wanda manyan motoci ke bi. Ƙaramar hanya ta isa a aika da gajeren rubutu. Amma hoto mai motsi, da karatu daga nesa, da aikin banki, suna son babbar hanya.

Babbar hanyar nan igiya ce ta gilashi. Kowane zare a cikinta siriri ne kamar gashin kai. Haske ke gudu a ciki, shi ke ɗauke da saƙo. Manyan igiyoyin ta ƙarƙashin teku su ke zuwa daga ƙasashen waje, yawancinsu su fito a Ikko, watau Legas. Biyu sun fara aiki a 2010, wata babba ta iso a 2022. Daga bakin teku sai a haƙa rami, a binne igiya, a yi ta ja har Arewa. Inda ta tsaya a kan kafa dogon ƙarfen nan da mu ke kira ƙarfen sabis. Shi ke magana da wayar da ke aljihunka.

To, me ya hana kamfani kawo ta ƙauyenmu? Lissafi ne ya hana.

Kamfani ɗan kasuwa ne. Tun da aka fara wayar hannu a Nijeriya a 2001, birane ya fara bi, don can mutane su ke a cunkushe. Ƙarfe ɗaya a Kano yana yi wa dubban mutane aiki, kowa yana sayen kati. Ƙarfe irinsa a ƙauye kuɗinsa bai ragu ba, har ya kan fi. Ba wutar lantarki, sai janareta ya kwana yana shan mai. Sai an ɗauki mai gadi. Da damina hanya ta yanke, motar mai ba ta shiga. Masu sayen kati kuwa kaɗan ne. Ba mai kai kaya kasuwar da ya san zai faɗi.

Akwai kuma kuɗin ƙasa. Kafin kamfani ya haƙa rami a gefen hanya, sai ya biya gwamnatin jiha. A 2013 aka yi shawara a riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita. Ku ɗauki allo mu lissafa. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce, watau naira 145,000. In ƙauyenku yana da nisan kilomita 20 daga babban titi, kuɗin ya zama naira 2,900,000. Wannan fa kuɗin izni ne kawai, ba a sayi igiya ba, ba a biya leburori ba. Duk da haka waɗansu jihohi ba su tsaya a nan ba, suka riƙa karɓar dubbai a kan mita ɗaya. A 2020 Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, Jihar Katsina ta mai da nata 145. A ganina sun yi dabara. Jihar da ta tsananta kuɗin rami ta ci na yau, ta kori na gobe.

Saboda wannan lissafi ne gwamnati ke sa hannu. Dokar sadarwa ta 2003 ta ce a buɗe wani asusu, ana kiransa USPF, ya kuwa fara aiki a 2006. Kamfanonin waya suna biyan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, wani kaso na abin da su ka samu kowace shekara. Daga ciki a ke zuba wani abu a asusun. Ka ga ashe katin da ɗan birni ya saya yana taimakon ɗan ƙauye. Kai ma in ka sayi kati, da kuɗinka a ciki.

Ga yadda asusun ke aiki. A kan duba wurin da ba sabis, a ce wa kamfani, “Je ka kafa ƙarfe a can, mu za mu ɗauki wani kashi na kuɗin.” Kamar gayya ce. Gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, in aka taru sai ta nomu. Asusun ya kuma sa kwamfutoci da intanet a makarantu da yawa.

An ci gaba, amma da sauran aiki. A 2013 hukumar ta ƙirga yankuna 207 da ba su da sabis, masu mutane wajen miliyan 37. A 2022 ta ce sun ragu zuwa 97, masu mutane wajen miliyan 27. A 2020 gwamnati ta yi shiri na shekara biyar, tana son mutum 70 cikin 100 su sami intanet mai sauri kafin ƙarshen 2025. Da lokacin ya yi, wajen rabi aka samu.

Don haka aka ɗauko wani babban aiki. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince a shimfiɗa sabuwar igiya mai tsawon kilomita 90,000, a ƙara a kan wajen 35,000 da a ke da ita, don ta kai ga ƙananan hukumomi. Gwamnati za ta sa kuɗi, 'yan kasuwa su sa nasu. A 2025 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don aikin. Rance ne fa, ba kyauta ba. Ƙasa ce za ta biya, saboda haka kowa yana da ikon tambayar inda aka kwana.

Wani zai ce, “Ni manomi ne, ina ruwana da intanet?” Ka tuna farkon 2023, lokacin da aka canja kuɗi, takardar naira ta yi wuya. Wanda garinsu ke da sabis ya sayar da hatsinsa, aka tura masa kuɗi ta waya. Wanda ba su da shi ya karyar da kayansa, ko ya koma da shi gida. Ka tuna kuma ɗanka. Tun 2015 da kwamfuta a ke rubuta jarrabawar shiga jami'a. Yaron da bai taɓa taɓa ta ba zai zauna kusa da wanda ya saba da ita tun yana ƙarami, lokaci ɗaya za a ba su.

Igiya in ta zo, tana son tsaro. Masu gyaran hanya su kan tsinke ta da motar haƙa. Ɓarayi su kan tone ta, suna zaton tagulla ce a ciki, alhali gilashi ne wanda ba mai saye. Su kan kuma sace batura da man janareta. In aka yanke ta wuri ɗaya, garuruwa da yawa sai su rasa sabis. A 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umarni wanda ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kayan ƙasa, taɓa su babban laifi ne.

In kun ga ɗan turken siminti a gefen hanya da rubutu a jikinsa, ku karanta, ga amfanin zuwa aji. Sau da yawa alama ce ta cewa akwai igiya a ƙasa. Kada a haƙa rami ko a ɗebi ƙasar gini a wurin. In kun ga baƙi suna tono, ku gaya wa mai unguwa ko dagaci. In kuwa har yanzu garinku ba sabis, ku taru ku rubuta takarda da hannunku. Ku faɗi sunan garin, da yawan gidaje, da ranar kasuwa, da nisanku da ƙarfe mafi kusa. Ku ba kansila kofe ɗaya, ku aika da ɗaya ofishin NCC, ku ajiye ɗaya wurin malamin aji.