Mahalbi da salularsa

Hirarmu ta yau a kan farauta take.

A da, mahalbi yana komowa gida ya ba da labari da baki. Yanzu salula ke ba da labarin. Hoto guda yana kai wa ga mutum dubu kafin dare. Saboda haka sai mu yi hattara.

Na farko, doka. A ƙasarmu Nijar, dokar 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta. Ka nemi takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji. Za su gaya maka lokacin farauta da namun da aka hana taɓawa. Wanda ya halbi abin da aka hana, kuma ya ɗauki hoto, ya ba da shaida a kan kansa.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya aiki biyu. Mai riƙe da bindiga ya bar salula a aljihu, abokinsa ya ɗauki hoton daga baya. In hankali ya rabu, halbi yana karkacewa. Dabba ta gudu da rauni, ta mutu a banza.

Na ukku, tausayi. In dabba ta faɗi, ka yanka ta nan da nan. Kada ka bar ta tana shure-shure don hoto ya yi kyau. Kada ka taka ta, kada ka zauna bisa kanta. Yara suna kallo, kuma abin da suka gani shi za su yi.

Na huɗu, kada ka nuna wurin. In an gane tabki ko dutse a cikin hoto, gobe mutum goma za su je can. Wata salula ma tana ajiye sunan wurin tare da hoton. Ka sa wanda ya iya ya kashe maka wannan.

Ku tuna da raƙuman dawa na Kure. A 1996 kamar 50 kaɗai suka rage. Da aka kiyaye su, sun haura 600. A 2018 aka kai 8 gandun Gadabeji, cikin jihar Maraɗi. Hotonsu da rai ya fi namansu amfani.

Tambaya ga ɗaliban yaƙi da jahilci: wace dabba kakanninku suka sani, wadda ba ku taɓa gani ba? Ku rubuta sunanta, ku kawo wa malaminku.

Sai mako mai zuwa.