Allurar da ke tayar da tarin fuka daga barci

Akwai cututtukan da garkuwar jiki kan juya ta afka wa mai ita, kamar amosanin gaɓɓai da ke lanƙwasa yatsun mace har ta kasa riƙe muciya, ko ciwon hanji na Crohn. Tun daga 1998, lokacin da Amurka ta amince da infliximab, sannan adalimumab a 2002, likitoci suka sami allurai masu toshe wani sinadari na jiki da ake kira TNF, wanda shi ke rura kumburin. Suna aiki ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa adalimumab cikin jerin muhimman magunguna a 2019. Sai dai a gari irin Matameye da ke Nijar, jan fata da ƙaiƙayi a gurbin allura su ne mafi sauƙin illolinsu. Babbar illa ita ce tarin fuka.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, galibi ba tare da ko tari ba, domin jiki ya killace ta a huhu, kuma TNF na cikin masu riƙe da katangar. Idan aka toshe shi, ƙwayar na iya ɓallewa. A 2001 wani bincike da aka wallafa a Amurka ya tattara mutane 70 da tarin ya kama bayan sun fara infliximab, akasarinsu cikin watannin farko, kuma fiye da rabinsu cutar ta bayyana ne a wajen huhu. Wannan ne abin tsoron: ƙaluluwa a wuya, zufar dare, rama, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, alhali gwajin kaki bai nuna komai ba. Haka ma ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Nijar, yakan farka. Jaririn da uwarsa ta yi allurar da cikinsa kuwa, ana jinkirta masa rigakafin tarin fuka na BCG, wanda a nan ake yi daga haihuwa.

Wani zai ce wane ne a Matameye ke da kuɗin irin wannan magani. Da haka ne, amma tun 2014 kamfanonin Indiya ke yin kwatankwacinsa a farashi mai sauƙi, kuma hanyar Daura zuwa Kano a buɗe take. Mai hali yakan ga ƙwararren likita a Kano ko Yamai ya dawo da allurarsa, wadda dole ta zauna a firiji tsakanin digiri 2 da 8, abin da ba wasa ba ne a bazara. Ranar da zazzaɓi ya taso, ma'aikacin lafiya na kusa da gida zai je wa, kuma idan bai faɗi abin da yake ɗurawa a jikinsa ba, ba mai tunanin tarin fuka.

Wani kuma zai ce to a haƙura da allurar mana. Ban yarda ba. Prednisolone da diclofenac da masu ciwon gaɓɓai ke saye a kasuwa suna sha shekara da shekaru suna jawo ciwon suga, gyambon ciki da lalacewar ƙoda, ga shi prednisolone ma yana raunana garkuwa. Abin da ya wajaba shi ne hoton ƙirji, gwajin tarin fuka na fata ko na jini, da gwajin hanta kafin allurar farko. Wanda aka samu da ƙwayar a kwance sai a fara ba shi maganin kariya irin isoniazid tukuna, a kuma rubuta masa sunan allurar a takardar da zai riƙa nunawa duk asibitin da ya shiga, daga Matameye har Damagaram.