Baƙunci Sai Da Koyo: Abin Da Turawan Ingila Suka Tarar a Ƙasar Kano

A 'yan shekarun nan ba wuya ka ji an ce ɗan wane ya tafi Ingila karatu, ko 'yar wance ta sami aikin jinya a wani asibiti a can. Idan suka bugo waya gida, kukan nasu kusan ɗaya ne: sanyi, kaɗaici, abincin da ba ya zama a ciki, da maƙwabtan da ba su gaisuwa. Wannan ya sa muka ga ya kamata mu juya maganar, mu dubi mutanen Ingila da suka baro ƙasarsu suka zo tamu, mu ga abin da ya ba su mamaki da abin da ya ba su wuya. Dattawanmu na Gaya da Ajingi sun ga ƙarshen wannan zamani da idonsu, sa'ad da Di'o yake fitowa rangadi daga Kano, ya ƙetare kogi a Wudil, ya nufo gabas.

Ranar da ba wanda ya waiga

Tun kafin mulkin Turawa, wani sojan ruwa na Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya biyo ta gabas daga Borno, ta Katagum, ya shiga Kano ran 20 ga Janairu, 1824. Abokin tafiyarsa, likita Oudney, ya rasu a hanya 'yan kwanaki kafin nan. Clapperton ya rubuta cewa ya caɓa ado da kayan sojansa domin shiga birnin, yana tsammani jama'a za su taru kallonsa, amma kowa ya ci gaba da harkarsa, ko waigowa ba a yi ba. Mutanen Kano sun saba ganin Larabawa da Buzaye da fatake iri-iri, farar fata ba sabon abu ba ce gare su. Da ya shiga kasuwa kuma sai ya iske laima ƙirar ƙasarsu, wadda ta ƙetaro hamada ta riga shi zuwa, har ya saya. Darasi na fari ke nan ga baƙo: garin da ka zo yana da rayuwarsa tun kafin ka iso.

Rana, sauro da ruwan sha

Abu na farko da jikin Bature ya gamu da shi shi ne yanayi. A Ingila ana iya samun ruwan sama kowane wata na shekara, rana kuma ba ta da ƙarfi. A nan kuwa damina wata huɗu ce ko ƙasa da haka, sai kaka, sai hunturu da ƙurarsa mai fasa leɓe da dunduniya, sai bazara wadda a watan Afrilu zafinta kan kai digiri 40. Bangon littattafansu yakan lanƙwashe saboda bushewar iska, gara kuma ta cinye akwatin katako cikin 'yan kwanaki.

Amma abin da ya fi ba su tsoro shi ne zazzaɓi. 'Yan mishan biyu na CMS da suka sauka Lokoja a 1890 da niyyar shiga ƙasar Hausa, John Alfred Robinson da Graham Wilmot Brooke, ba su daɗe ba: Robinson ya rasu a 1891, Brooke a 1892. Walter Gowans na ƙungiyar da ta zama SIM ya rasu a Girku, ƙasar Zazzau, a 1894. Sai a 1897 likita Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin. Daga nan rayuwar Bature a ƙasarmu ta zama ta ƙa'idodi: shan kwinin kowace rana, kwana cikin gidan sauro, sa dogayen takalma da yamma, da tafasa ruwa a tace shi kafin a sha. Mutumin da a garinsu yake buɗe famfo ya sha, ga shi yana jiran ɗan garuwa daga rijiya. Shi ya sa ma'aikacin gwamnati ba ya wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai a tura shi hutu gida, ya sauka Ikko ya hau jirgin ruwa na mako biyu zuwa Libaful.

Wannan tsoro ya haifi wani abu mai dogon tasiri. Dokar 1917 ta tsara a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ƙetara. A ƙauye ma barikin saukar baƙi a bayan gari ake gina shi. Tazarar da aka yi domin sauro sai ta zama tazara tsakanin mutum da mutum, har wani yakan yi shekara ashirin a ƙasar nan bai taɓa zama a zauren talaka ba.

Gaisuwa da lokaci

Mutumin Ingila kalma biyu ta ishe shi gaisuwa, sai ya shiga maganar da ta kawo shi. Da ya zo nan sai ya tarar ana tambayarsa kwana, da gajiya, da gida, da iyali, da aiki, da sanyi ko zafi, amsar kuwa kullum lafiya lau ce ko da mutum yana jinya. Da yawa sun ɗauka ɓata lokaci ne. Waɗanda suka daɗe ne suka gane cewa a cikin gaisuwar ake auna mutum, kuma wanda ya tsallake ta ya faɗa kan buƙatarsa ya riga ya rasa rabin abin da ya zo nema. Haka nan cire takalmi a ƙofar babba, da durƙusawa, da kawar da ido sa'ad da na gaba yake magana. A Ingila wanda ya ƙi haɗa ido da kai ana zarginsa da rashin gaskiya, a nan kuwa yaron da ya zuba wa babba ido shi ne marar kunya. An sha yi wa juna mummunar fahimta a kan wannan kaɗai.

Lokaci ma haka. Bature yana tafiya da agogo, manomin Ajingi yana tafiya da rana: asuba, hantsi, azahar, la'asar, almuru. In ya ce zai zo da la'asar, bai yi ƙarya ba ko ya iso ƙarfe huɗu ko biyar da rabi. In ka tambayi shekarunsa sai ya ce an haife shi shekarar fara, ko shekarar wata yunwa. Ma'aikatan da suke fita ƙidayar haraji da jangali dole suka koyi lissafi da irin waɗannan alamu.

Tuwo da gwangwani

A kan abinci ma an sha kallo. Di'o idan zai fito rangadi yakan taho a kan doki, 'yan ɗauko suna biye da akwatuna a ka: gadon tafiya, tebur, kujera, fitila, bahon wanka, da abincin gwangwani, ga kuku da boyi. Ko a tsakiyar daji sai an shimfiɗa ƙyalle a tebur an jera wuƙa da cokali. Mutanen gari suna mamakin mutum ɗaya yana cin abinci shi kaɗai, shi kuma yana mamakin mutum biyar sun sa hannu a akushi ɗaya. Sai da aka koya masa cewa ba a ba da abu ko karɓa da hagu, kuma in hakimi ya aiko da rago da ƙwai da kaji, akwai tukuici. Wata baturiya, Constance Larymore, matar wani Razdan, ta fitar da littafi a 1908 a kan zamanta a Nijeriya, ta cika shi da shawarwari ga matan da za su biyo baya a kan girki da lambu da kiwon kaji. A hankali ƙasar ta ci su: miyar gyaɗa da kaza da shinkafa ta zama abincin rana na ranar hutu a gidajen Turawa da yawa.

Kuɗi ma wani abu ne. Canon Charles Robinson, ɗan'uwan wancan da ya rasu a Lokoja, ya iso Kano a Disamba 1894, ya tarar da wuri ake ciniki, kuɗin da sai an ɗauki mutane su ɗauke shi a buhu, a kuma zauna a ƙirga. Kuma a kasuwa ba a faɗin farashi ɗaya, sai an yi tayi an ce albarka. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka kawo nasu kuɗin, waɗanda sunayensu suka zauna a bakinmu: anini, kwabo, taro, sisi, sule da fam, har zuwa 1973 da naira ta shigo.

Harshe mai tarko

Gwamnati ta wajabta wa ma'aikatanta cin jarrabawar Hausa kafin su sami ƙarin girma. Wahalar ita ce kunnen Bature bai saba da hawa da saukar murya ba. Kuka na ido da kuka ta miya, gari na zama da gari na tuwo, wuya ta wahala da wuya na jiki, duk ɗaya yake jin su. Ga baki da baƙi, ga kafa da ƙafa. Sau da yawa masu sauraro sukan danne dariya saboda ladabi, daga baya a yi ta ba da labari a dandali. Sai kuma al'adar kunya: mace ba ta kiran sunan mijinta, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba a kuma tambayar mutum yawan 'ya'yansa gatsau. Mai rubuta sunaye a littafi yakan ɗauka ɓoye masa ake yi. Mutanen gari su ma sun rama, gama kusan kowane Bature sai da suka laƙaba masa suna. Razdan na farko a Kano, likita Cargill, shi ake kira Mai Gunduma, domin a zamaninsa aka yanka ƙasar gunduma-gunduma aka tura hakimai su zauna a cikinsu.

Waɗanda suka zauna a tabarma

Duk da haka akwai waɗanda suka ƙetare tazarar nan. Likita Walter Miller da abokansa sun fara koyon Hausa a Tarabulus, wurin fatake da mahajjata, kafin su taho tare da Bishop Tugwell. Sun shiga Kano a Afrilu 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Miller bai karaya ba. A 1905 ya sami wuri a cikin birnin Zariya, tsakiyar jama'a, har zuwa lokacin da mishan ta koma Wusasa wajen 1929, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin magina Hausawa. Wannan zama cikin mutane shi ya ba shi Hausar da ya yi jagorar fassarar Littafi Mai Tsarki da ita, wanda ya fito a 1932. A ƙasar Jos ya ƙare rayuwarsa a 1952.

Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan da ya zama ɗan Birtaniya, ya buɗe makaranta a Nasarawa, Kano, a 1909, ya zauna a gidan ƙasa wanda ya fi na kwano sanyi. Saboda ƙwarewarsa aka sa masa Ɗan Hausa, gidan kuma yana nan da wannan suna. G. P. Bargery, wanda ya fara zuwa a matsayin ɗan mishan, ya yi shekaru yana bin garuruwa yana tambayar maƙera da masaƙa da mafarauta sunayen kayan aikinsu, har ƙamusunsa ya fito a 1934. Mary Smith kuwa ta zauna a Giwa a 1949 da 1950 tana sauraron wata tsohuwa, ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba ta Karo. Abin da matan bariki ba su taɓa gani ba na cikin gida, ita ta gan shi, don ta yarda ta zama ɗaliba. Dukansu abu ɗaya suka yi: sun sauke girman kai, sun yi tambaya, sun jure a yi musu dariya.

Abin da ya rage gare mu

To, 'yan'uwa, yau mu ne matafiya. Ɗanmu da ya sauka Landan a Disamba zai ga rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Zai gai da maƙwabci a amsa masa da ɗan murmushi a wuce. Ba zai faɗa gidan kowa ba sai da alkawari, in kuma an ce ƙarfe tara, to tara ɗin ce. Kada ya yi saurin cewa mutanen ba su da kirki, kamar yadda wasu kakanninsu suka yi saurin cewa namu ba su san darajar lokaci ba. Kada kuma ya gina wa kansa bariki, ya zama daga wurin aiki sai ɗaki, sai 'yan garinsu kaɗai. Ya riƙe tarbiyyar gida, ya kuma koyi ta masu masauki.

Mu da muke gida ma akwai namu. A Gaya da Ajingi da kewaye ba a rasa baƙi: 'yan bautar ƙasa daga kudu, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, da masu hidimar ekklesiya da aka turo daga Filato ko kudancin Kaduna. Yawancin kurakuransu na rashin sani ne. Wanda ya miƙo abu da hagu, ko ya shiga gida ba sallama, a ja shi gefe a nuna masa cikin sirri. A kai masa ƙwaryar fura, a koya masa gaisuwa, a raka shi ya gai da mai gari da maƙwabtansa, Musulmi da Kirista. Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Allah ya kiyaye namu da suke baƙunci a ƙasashen duniya, ya kuma ba mu zuciyar karɓar waɗanda suka sauka a wurinmu.