Dalilin raba soket ɗin sauti da jikin akwati a amfilifayar haɗin hannu

Masu haɗa amfilifaya da hannu sukan yi fama da wani gurnani da ke fita daga lasifika ko da ba a sa sauti ba. Sau da yawa matsalar tana wurin ɗaura soket ɗin shigar sauti.

Idan aka ɗaure soket na ƙarfe, kamar RCA ko jak mai milimita 6.35, kai tsaye a jikin akwatin ƙarfe, ɓangarensa na at yana haɗuwa da akwatin. In kuwa an riga an haɗa at ɗin allon na'urar da akwatin a wani wuri, hanyoyin biyu sai su zama zobe. Maganaɗisun taransifoma yana tayar da 'yar wuta a cikin zoben, amfilifaya kuma ta ƙara ta tamkar sauti. Wutar gida a Najeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa gurnanin yake da kauri.

Maganin ba shi da tsada. Ana sa washa ta roba mai ɗan wuya a ramin, ciki da waje, ko a sayi soket mai jikin roba. Kafin a jona waya, a gwada da mita a tabbatar soket bai taɓa akwatin ba. Sannan a haɗa at ɗin sauti da akwatin a wuri ɗaya tak.

Wasu kan yanke wayar at ta filogi domin gurnanin ya lafa. Wannan ganganci ne, domin idan waya mai wuta ta taɓa akwatin, babu abin da zai sa fis ya tsinke, wutar za ta bi jikin wanda ya riƙe makirufo.