Haƙƙin Majiyyaci da Nauyin da ke Kansa a Tiyatar Yini Ɗaya

Akwai ayyukan tiyata da ba sai an kwantar da mutum a asibiti ba, kamar cire yanar ido ko aikin gwaiwa. Majiyyaci yakan zo da safe, a yi masa aiki, ya koma gida da yamma. Saboda haka rabin jinyar a hannunsa take.

A ƙasar Gana, hukumar lafiya ta fitar da takardar haƙƙoƙin majiyyata a shekarar 2002. Bisa ga wannan takarda, wajibi ne a bayyana wa majiyyaci ciwonsa, da irin aikin da za a yi masa, da haɗarinsa, da kuɗinsa. Yana da ikon ya yarda ko ya ƙi, ko kuma ya nemi ra'ayin wani likita. Ba a faɗa wa kowa sirrinsa sai da izininsa, ko in doka ta bukata.

Shi kuma nauyin da ke kansa na farko shi ne faɗin gaskiya. Dole ya ambaci duk maganin da yake sha, har na gargajiya, domin wasu magunguna, kamar asfirin, suna hana jini daskarewa da wuri. Idan za a sa shi barci, yakan daina cin abinci awa 6 kafin aikin, ruwa kuma awa 2, don kada abin da ke cikinsa ya taso ya shiga huhu.

Bayan aikin, babban mutum ne zai raka shi gida, kuma ba zai tuƙa mota ba sai bayan awa 24. In ya ga zazzaɓi ko zubar jini, sai ya koma asibiti nan da nan.